Kemo ya kwantar da Hajiya, kawu ya ce a daina

Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa mahaifiyarta mai shekara 58 tana fama da sankarar mama, kuma an yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sa wa a jiki zagaye-zagaye, sau biyu. Tun daga na biyun take amai, bakinta ya yi gyambo, abinci ya gagara, gashin kanta ya zube, ga ciwo a hammata da kafaɗa da yake hana ta barci. Likita ya rubuta mata mofin, wani maganin rage ciwo mai ƙarfi. Kawunsu ya ce mofin na wanda aka fid da rai da shi ne, kuma zai mai da ita 'yar ƙwaya, don haka a koma da ita gida a yi na Hausa, tunda dama daji ba ya son allura. Ita ma Hajiyar ta ce gara ciwon da maganin. Tana tambaya me za su yi.

'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba ki lada, ya ba Hajiya lafiya. Duk abin da kika lissafa na saba gani a ɗakin marasa lafiya, kuma kusan kowanne akwai abin da ake yi masa. Abin da ya fi cin raina a aikin nan shi ne mutumin da ya bar kemo a tsakiya saboda wahalar da, da mun ji labarinta, da mun rage ta. Mutanenmu akwai kawaici. Ka ce wa tsohuwa "Hajiya, ya jiki?" ta ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali kwana uku ba ta runtsa ba. Likita ga layi a bakin ƙofa, sai ya rubuta da sauƙi ya kira na gaba. Ke ce za ki zama bakinta.

Zan fara da abin da ba ki tambaya ba, domin shi ne yake kisa da gaggawa: zazzaɓi. Kemo yana bin duk ƙwayar halittar da take saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa gashi da fatar cikin baki da hanji, yana kuma taɓa ɓargo, inda jiki yake ƙera jini. Fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin jiki, sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A waɗannan kwanaki, ciwon da zai sa ke ki yi kwana biyu kina mura yana iya shiga jinin Hajiya ya kai ta ƙasa cikin sa'o'i kaɗan. Ki sayi ma'aunin zafin jiki yau. In ya nuna 38 ko sama, ko kuwa tana rawar ɗari, ko ta rikice tana sambatu, ku kama hanyar asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma kalmar farko da za ki faɗa a ƙofa ita ce ana yi mata kemo, ga ranar da aka yi na ƙarshe. Ƙa'idar aikin ita ce a ɗebi jini a sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda. A wurinmu duk zazzaɓi sunansa maleriya, sai a aika yaro kemis ya karɓo magani, a ce bari a ga gobe. Yana iya zama maleriyar, amma a asibiti za a gwada, tare da ƙidayar jini. Kuma ki riƙa auna zafin kafin ki ba ta farasitamol, don yakan rufe zazzaɓi a zaci lafiya lau.

Wannan ya kawo maganar 'yan dubiya. Na taɓa shiga ɗakin wata majinyaciya a gida, kwana tara bayan kemo, na ƙirga mata goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, taga a rufe, turaren wuta yana tashi, ga goyo yana tari a kan gadonta. Zumunci ne, ba wanda ya zo da mugun nufi. Amma a makon nan na biyu, mai mura ya yi sannu ta waya, mai shiga ya wanke hannu da sabulu, a taƙaita zama. In kina jin nauyin faɗa, ki ɗora mini, ki ce likita ne ya hana. Mun saba ɗaukar wannan laifin.

Aman kemo iri-iri ne. Akwai wanda yake zuwa a ranar da aka sa maganin, akwai na jinkiri da yake tasowa daga kwana na biyu har zuwa na biyar, shi ne yake samun mutane a gida bayan sun zaci sun tsira. Akwai kuma wanda tsoro yake haifarwa: mace ta hango ƙofar asibiti ko ta ji warin wurin, zuciyarta ta fara tashi tun ba a taɓa ta ba. Wannan na uku daga wahalar zagayen baya yake samo asali, saboda haka ake son a toshe aman tun da wuri. Kuskuren da na fi gani shi ne a ajiye maganin amai sai an fara amai. A lokacin ƙwayar ma ba za ta zauna a ciki ba. Ana shan sa ne a kan lokaci, kwanakin da aka rubuta, ko tana jin tashin zuciya ko ba ta ji. Akwai ondansetron, da dexamethasone, da metoclopramide, da olanzapine, kowanne da hanyar da yake bi, kuma akan haɗa biyu ko uku. In wanda aka ba ta bai riƙe ba, a faɗa, a canza kafin zagaye na uku. Abu biyu ki lura: ondansetron yana ɗaure ciki, dexamethasone kuma yana ɗaga sukari, don haka in Hajiya tana da ciwon suga a riƙa aunawa. Idan cikin ruwan da ake sa mata akwai wani ja, doxorubicin kenan, fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne yake fita.

A gida, ƙamshi da wari su ne abokan gaba. Suyar albasa, daddawa a wuta, turare, humra, duk a nisanta su da ɗakinta a kwanakin farko. Abinci mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi ya fi zama a ciki a kan mai tururi. Kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano cike sau uku, kuma kada ta kwanta da zarar ta ci. Shayin citta mara ƙarfi yana taimakon wasu. In ta yi yini guda ko ruwa ba ya zama, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko tana jiri in ta miƙe, ƙarin ruwa take buƙata a asibiti. In gudawa ce, ruwan gishiri da sukari na fakiti, ko a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Gyambon baki sau da yawa shi ne ainihin dalilin ƙin cin abinci, a yi ta cewa ta cire rai, alhali haɗiya ce take mata kamar an zuba garwashi. Ki haska fitilar waya ki duba. In kin ga fari-fari kamar dusar nono a harshe da cikin kumatu, wannan naman gwari ne, yana da maganinsa, nystatin ko fluconazole, kuma yakan washe cikin 'yan kwanaki. Don gyambon kansa, ta riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da aka sa ɗan gishiri da ɗan bekin soda, bayan kowane cin abinci da kafin barci. Bekin soda na ce, kada wani ya ce kanwa ma ɗaya ce. Buroshi mai laushi irin na yara. A ajiye busasshen asuwaki har bakin ya warke, haka ma ruwan wanke baki na kanti mai yaji. Attaruhu, yaji, tsamiya, lemon tsami da zoɓo duk a ɗaga musu ƙafa. Zuma tana sanyaya wa wasu. In zafin ya hana ta haɗiyar ko da ruwa, shi ma ciwo ne da ake ba wa maganin ciwo, a ba ta rabin sa'a kafin ta ci.

Abinci kuwa, ki daina lissafin tuwo nawa ta ci, ki koma lissafin abin da yake cikin cokalin. Kunun gyaɗa da madara, koko mai kauri da aka zuba wa madara, alala, faten wake mai laushi, dafaffen ƙwai, farfesun kaza ko kifi mara yaji, ayaba, kankana da aka yanka a gida. A makon da jini yake ƙasa, a guji fura da nonon talla da ba a san yadda aka sarrafa ba, da yankakken kayan marmari na bakin titi, da ɗanyen kwaɗo da salak na waje, da ruwan da ba a tafasa ba. Za ki ji ana cewa a hana ta nama da sukari da mai, wai su suke ciyar da daji. Wanda wannan horon yake fara kayarwa shi ne mai ciwon, domin jikin da ya rame ba ya ɗaukar kemo, jini ba ya dawowa a kan lokaci, a yi ta ɗaga zagaye. Kuma kada ku mai da kwano filin daga. Yara biyar a tsaye a kanta, "Hajiya daure ki ƙara loma ɗaya," wannan ma azaba ce. A ajiye ƙaramin kwano kusa da ita a ba ta wuri.

Gashi zai dawo bayan an gama kemo, wani lokaci ma da laushin da ba shi da shi a da. Ki samo mata ɗankwali mai taushi, kuma kada ki raina kukan da ta yi ranar da kitso ya biyo matajin.

To, mofin. A nan zan daɗe, don a nan kawu ya tsaya, kuma tsoronsa yana da tushe. Duk wanda ya ga yadda tiramol da kodin suka yi da samari da matan aure a garuruwanmu, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, dole gabansa ya faɗi in an ce za a ba 'yar'uwarsa wanda ya fi su ƙarfi. Sai dai mai shan ƙwaya don maye da mai ciwon daji hanyarsu daban. Na farko yana bin wani yanayi ne, kullum yana ƙari yana ɓoyewa. Hajiya kuwa abin da take nema ta juya a kan gado ba tare da ta cije leɓe ba. In likita ne yake tsara adadin yana bibiya, jaraba irin wadda kawu yake tsoro ba kasafai take faruwa ba. Abin da yake faruwa shi ne jiki yana sabawa, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya, ana ragewa ne a hankali. Na ga mata da dama da suka sha mofin wata biyu ko uku, kemo ko gashi da na'ura (wato ƙona dajin da haske) ya rage ƙarin dajin, ciwo ya lafa, aka janye maganin suka ci gaba da harkokinsu.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsanin maganin ciwo, mai matakai uku: a ƙasa farasitamol da danginsa, a tsakiya irin su kodin da tiramol, a sama mofin. Ƙarfin ciwo ne yake nuna matakin da za a hau, yawan kwanakin da suka rage wa mutum ba ya cikin lissafin. Ƙa'idojin tsarin masu sauƙi ne: ta baki, kuma bisa agogo. Mofin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki yana riƙewa kamar sa'a huɗu, don haka ake ba da shi duk bayan sa'a huɗu. In aka jira sai ciwo ya dawo ta fara nishi, kullum ciwon yana gaba kuna bin sa a baya, kuma sai an sha da yawa kafin a kamo shi. Likita yakan rubuta wani ɗan ƙari na ko-ta-kwana don ciwon da ya ɓullo a tsakani. Ki riƙa rubuta sau nawa aka buƙaci wannan ƙarin, da shi ake sanin ko adadin ya isa.

Kwana biyu ko uku na farko za ta yi ta gyangyaɗi. Wani ɓangare aikin maganin ne, wani kuma bashin barcin makonni take biya. Tashin zuciya ma yakan zo ya wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida: kusan duk mai shan mofin sai ya same shi, don haka duk takardar mofin tana tafiya da ta maganin sassauta ciki, irin su senna ko bisacodyl ko lactulose, tun ranar farko. In ba a rubuta ba, ki tambaya. Hajiya ba za ta faɗa wa likita namiji cewa ta kwana biyar ba ta zaga ba, ke za ki tambaye ta a keɓe. Alamar da take nuna maganin ya yi yawa ita ce barcin da ba a iya tashinta daga shi, ko numfashi ya yi jinkiri ƙwarai. Nan a dakatar a nemi likita nan take. Kuma kwalbar ta zauna a kulle, makulli a hannunki, saboda jikoki da kuma samarin gida.

Abin da nake tsoro fiye da mofin shi ne haɗe-haɗen kemis. Diclofenac, ibuprofen, da ƙullin ƙwayoyin da ake sayarwa a leda da sunan maganin ciwon jiki, suna iya fasa gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su sa zubar jini ga wadda kemo ya riga ya rage mata ƙwayoyin daskarar da jini. Farasitamol ma yana da iyaka: giram 4 a yini ga babba mai lafiyar hanta, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma ga ramammiya ƙasa da haka.

Maganar cewa kula da ciwo alama ce ta an sallama, tarihi ma bai goyi bayanta ba. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ita ta koya wa likitoci cewa ciwon mai daji ya haɗa da na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi, kuma ba a warkar da ɗaya a bar saura. Likita Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aiki a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993 da mofin na ruwa mai araha, har ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi a 2004. A 2010 kuma aka buga wani bincike daga wani babban asibiti a Boston ta Amurka, kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu kulawar rage raɗaɗi tun farkon magani sun fi jin daɗin rayuwa, damuwarsu ta fi sauƙi, kuma tsaka-tsakin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9. Ciwonsu daban da na Hajiya, amma darasin ya shafe ta: wanda yake barci yake cin abinci shi yake iya kai magani ƙarshe.

Ciwon kafaɗar nan ina so ki sa likita ya dube shi da kyau, kada a rufe shi da magani kawai. In ya tabbata daga ƙashi yake, gashi da na'ura ko sau ɗaya yakan kwantar da shi, kuma ana yin sa a cibiyoyi irin na asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. In ciwon yana zuwa kamar wutar lantarki ko ƙuna ko tsira, na jijiya ne, yana da nasa magungunan daban, irin su amitriptyline da gabapentin. Akwai kuma alamar da ba a kwana da ita: sabon ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari. Wannan a ranar ake zuwa asibiti.

Na Hausa fa? Addu'a, tofi, zamzam, karatu a kusa da ita, ba abin da ya haɗa su faɗa da kemo, kuma na ga yadda suke kwantar da hankalin majinyaci fiye da duk abin da zan rubuta a takarda. Inda nake tsayawa kai da fata shi ne sakiya, tsaga, ƙaho, da shafa maganin da yake cin fata a kan ƙarin. Da fararen ƙwayoyin jini a ƙasa, ƙofar cuta ake buɗewa, ga jini da ba zai tsaya da wuri ba. Jiƙo da tsimi da garin da ba a san abin da yake ciki ba kuwa, hanta da ƙodar da suke tace kemo su ne za su ɗauki nauyinsu. Duk abin da aka kawo, ki zo da shi a jaka mu gani, ba za mu yi faɗa ba. Zancen daji ba ya son allura kuma, ga inda na ga ya samo asali: mutane suna zuwa asibiti bayan ciwon ya ci ƙarfinsu, a yi allura, a rasa su, sai a ce allurar ce. Waɗanda suka zo da wuri suka warke suna gidajensu, ba wanda yake ba da labarinsu a wurin zaman makoki.

In watan azumi ya riske ta a tsakiyar magani, rangwamen mara lafiya yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185. Tsofaffi sukan ji nauyin ajiyewa, sai a samu malamin da take girmamawa ya faɗa mata da bakinsa.

Da Hajiya ta ce gara ciwon da maganin, kada ki yi saurin toshe mata baki da "haba Hajiya, daina faɗin haka." Ki zauna ki tambaye ta wanne ne ya fi damunta. Wata za ta ce amai, wata za ta ce kuɗin da take gani ana kashewa, gonar da aka jinginar, wata kuma tsoron mutuwa ne ba ta sami wanda za ta faɗa wa ba. Jikinta ne, kuma tana da haƙƙin a yi shawara da ita a gabanta. Amma ina so ta yanke hukuncin bayan ta yi barci kwana uku ta ci abinci. Likita yana iya ɗaga zagaye da mako guda, ya rage adadi, ya canza maganin amai, ya yi ƙarin jini in kasalar daga ƙarancin jini take. Ke ma ki nemi mai karɓarki ko kwana biyu a mako, don 'yar jinyar da ta faɗi ba ta da mai jinya.

Kafin ranar komawa asibiti, ki sami littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowace rana layi ɗaya: zafin jiki, amai sau nawa, abin da ta ci, ko ta zaga, ƙarin mofin sau nawa, da ƙarfin ciwo. Tsofaffi ba sa son a ce su ba ciwo maki daga sifili zuwa goma, sai ki ce ta nuna da yatsun hannu ɗaya, ko ki tambaye ta ko ya hana ta barci, ko ya hana ta sujada. Ki ajiye littafin a gaban likita tun kafin Hajiya ta ce da sauƙi. Ku tafi da kawu ranar, ku ba shi kujerar da take kusa da tebur, ya yi duk tambayoyinsa da kansa.